Abin da zan iya shaida a kan cikin jariri a watanni huɗun farko

Tambayar da ta fi hana mai sabon jego barci ita ce ko yaron nan yana ƙoshi. Na shayar, na kuma daɗe ina zama da masu shayarwa, kuma abin da zan iya shaida shi ne kuka ba ya amsa wannan tambaya. Jariri yana kuka da yunwa, yana kuka da ƙoshi, yana kuka don iska ta tokare shi, yana kuka don ya gaji ya rasa yadda zai yi barci. Abin da ke amsa ta abu biyu ne: abin da ke fita daga jikinsa, da abin da sikeli ya nuna. Wadda ta iya karanta waɗannan biyun ta sauke wa kanta babban kaya, ta kuma tsare ɗanta daga ɗure-ɗuren da ake yi wa jarirai da sunan magani.

A ranar haihuwa tumbin jariri ba ya ɗaukar abin da ya wuce mililita 5 zuwa 7 a sha ɗaya, wato ƙaramin cokali guda da ɗan ɗori. Zuwa kwana uku ya kai wajen mililita 25, a cikar mako kuma 45 zuwa 60. Don haka dakashin nan mai kauri da ke fitowa ɗis-ɗis, har uwa ta ce ita ba ta da nono, daidai yake da cikin da zai shiga. Kada a matse shi a zubar. Shi ke shafe hanjin yaro da garkuwa daga cututtuka, shi ke tura baƙin kashin farko waje, fitar wannan kashin kuwa tana taimakawa wajen rage shawara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so a sa jariri a nono cikin awar farko bayan haihuwa. Nono sosai yakan zo tsakanin kwana biyu da biyar, kuma tsotso ne ke kiransa: gwargwadon yadda aka zuƙe, gwargwadon yadda jiki ke ƙara yi.

Shan sau 8 zuwa 12 cikin awa 24 shi ne ƙa'ida a makonnin farko, wani ma ya zarce. Dare na biyu ya fi kowanne wuya. Yaron da ya wuni yana barci jiya sai ya farka ya ƙi sakin nono, da an cire shi ya sa kuka. A wannan daren ne ake yawan yanke hukuncin cewa nono bai isa ba, alhali aikinsa yake yi na kiran ruwan nono. Kada ki jira kuka kafin ki ba shi. Yana motsa baki, yana juya kai yana lalube, yana kai hannu baki, to lokaci ya yi. Idan ya riga ya fusata sai kin lallashe shi tukuna zai iya kamawa. Wanda kuma ya cika barci, a tashe shi idan ya wuce awa uku bai sha ba, har sai ya mayar da nauyinsa na haihuwa. Kusan kowane jariri yakan rame a kwanakin farko. Raguwar kashi 7 cikin 100 ba abin damuwa ba ce, amma idan ta kai kashi 10 dole a duba shi. Yaron da aka haifa da kilo 3, idan ya sauko 2.8 yana kan hanya, idan ya gangara 2.7 ko ƙasa a kai shi. Zuwa mako biyu ya kamata ya koma inda ya fara, daga nan ya riƙa ƙara giram 150 zuwa 200 a mako.

Famfas kuwa littafi ne ga wadda ta tsaya ta duba kafin ta jefar. Ranar farko fitsari ɗaya ya wadatar, rana ta biyu biyu, a haka yana hawa, daga kwana biyar zuwa sama kuma a sami jiƙaƙƙen famfas 6 ko fiye a kullum, fitsarin fari ko rawaya mai haske. Da yake famfas na shanye ruwa har ki kasa ganewa, ki ɗauki sabo ki zuba masa ruwa babban cokali uku ki auna nauyinsa a hannu. Abin da ake nufi da jiƙaƙƙe ke nan. Wani lokaci za ki ga ɗan tabo ja-ja mai gari-gari a kwana biyun farko. Ba jini ba ne, gishirin fitsari ne, amma idan yana nan bayan kwana huɗu to yaron bai samun isasshen nono. Kashin farko baƙi ƙirin ne mai danƙo, kuma ya kamata ya fita cikin awa 24, iyakarsa 48. Idan ya wuce haka bai yi ba, likita ya gani, don akwai yiwuwar toshewar hanji. Kwana uku zuwa huɗu ya koma kore-kore, kwana biyar ya zama ruwan ɗorawa, ruwa-ruwa da 'yan gudaji ƙanana, aƙalla sau biyu a rana. Wannan ba gudawa ba ce, haka kashin mai shan nono yake. Idan kwana biyar suka cika yana nan baƙi, a duba yadda yake kama nono.

A nan zan daɗe, 'yar'uwa, don mafi yawan abin da ake kira ciwon cikin jariri da rashin nono daga bakin yaro da kan nono yake farawa. Ki zauna ki jingina bayanki, ki kawo yaron gare ki, kada ki sunkuya ki kai masa. Cikinsa ya manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa su miƙe a layi ɗaya, don ba ya iya haɗiya da wuya a murɗe. Ki sa kan nonon saitin hancinsa, ba saitin baki ba. Zai ɗan ɗaga kai ya wangame baki, a daidai lokacin ne za ki jawo shi da sauri, haɓarsa ta fara taɓa nono. Idan ya kama daidai za ki ga baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya naɗo waje, haɓa ta nutse, baƙin da ya kewaye kan nono kuma ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Sai ki zuba ido. Da farko tsotso ne ƙanana masu sauri. Da nono ya sauko sai salon ya canja: muƙamuƙi ya sauka a hankali, ya ɗan dakata a ƙasa baki cike, ya rufe, ki ji wani ɗan sauti a maƙogwaro, “kah”. Har kunnensa za ki ga yana motsi. Hannun da ya dunƙule da yunwa ya fara saki yatsa bayan yatsa. Wannan ɗan dakatawar ita ce shaidar nono yana shiga, ba tsawon lokacin da ya yi a manne ba.

Idan kan nonon kawai ya kama, kumatunsa za su riƙa lotsawa, ki ji “tsit-tsit”, ki ji zafi har ƙarshen shan, kan nonon ya fito a matse a karkace. Daga nan komai ke lalacewa: kan nono ya tsage, yaro ya haɗiyi iska, ya yi awa yana tsotso bai ƙoshi ba, nonon da ba a zuƙe ba kuma ya fara ja da baya. Kada ki daure, kuma kada ki fizge. Ki sa ɗan ƙaramin yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa ki warware kamun, ki sake daga farko, ko sau nawa ne. Idan nono ya cika ya sanƙare a kwana uku ko huɗu har bakin yaro yana zamewa, ki danna kewayen kan nonon da kan yatsunki na minti ɗaya, ko ki tatse kaɗan da hannu ya yi laushi. Idan an gyara komai amma har yanzu yana zamewa kuma kina jin ciwo, a duba ƙarƙashin harshensa ko yana da linzami, kuma ma'aikacin lafiya ne zai duba ya gyara. Wurin da ya yi ja ya yi zafi a nono, da zazzaɓi, ba dalilin daina shayarwa ba ne. Ki ci gaba da ba shi, idan kuma yini da kwana suka wuce bai sauƙaƙa ba ki ga likita.

Ki bar shi ya gama da nono ɗaya ya saki da kansa kafin ki ba shi ɗayan, don maiƙon nono yana ƙaruwa ne yayin da nonon ke raguwa. Wadda nononta ke zubowa da ƙarfi za ta ga yaro yana ƙwarewa, yana saki yana kuka, kashinsa kore mai kumfa. Ita sai ta kishingiɗa ta ɗora shi a kanta, ruwan ya rage gudu.

Maganar ruwa ba ni sassautawa a kanta. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma yaron da ke shan nono zalla ba ya bukatar ko ɗigo har ya cika wata shida, komai zafin gari. Ruwa yana cika ɗan tumbin nan ya hana shi abinci, yana iya shigo da ƙwayar gudawa, kuma ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin fitar da shi ba, idan ya yi yawa sai ya tsarma gishirin jini har yaro ya yi jijjiga. Haka duk wani jiƙo ko tsimi. Zuma kuwa ba a ba yaro sai ya shekara, don tana iya ɗauke da ƙwayar da ke tsira a hanjin jariri ta saki dafin da ke shanye jiki. Madarar shanu ma ba ta zama abin shansa ba kafin shekara.

Sai tumbuɗi. Tsakanin bututun da ke kai abinci da tumbi akwai wata tsoka mai tsuke bakin tumbi, a jariri kuwa ba ta yi ƙarfi ba, kamar bakin jaka ne da ba a ja zariyarsa ba. Ga abincinsa duk ruwa, ga shi kullum a kwance. Aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna yi. Yakan fara kafin mako takwas, ya fi yawa wajen wata huɗu, ya ragu idan yaro ya fara zama, kuma 9 cikin 10 sun daina kafin shekara. Abin da ya zubo a kafaɗarki yakan yi kama da duk abin da ya sha, amma ki zuba babban cokali ɗaya na ruwa a zane ki ga faɗin da zai yi, hankalinki zai kwanta. Yaron da ke tumbuɗi yana ƙiba, yana fitsari, yana wasa, ba shi da ciwo, wanki ne kawai ya ƙaru. Abin da ke rage shi sananne ne: a ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai maimakon a cika shi lokaci ɗaya, a riƙe shi a tsaye a ƙirji minti 20 zuwa 30 bayan ya sha, kada a matse cikinsa da famfas, kada a yi ta wurga shi sama, kuma kada a sha taba inda yake. Barci kuwa a rigingine zai yi, a shimfiɗa mai tauri, a miƙe, ba matashi, ko da yana tumbuɗi. Na san tsoron da ke zuciyar uwa, kada ya shaƙe. Amma a rigingine hanyar numfashi tana sama da ta abinci, abin da ya taso yana komawa inda ya fito. Kifa shi ko tokare shi a gefe ko ɗaga kan shimfiɗa shi ne ke ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci. Magungunan rage tsamin ciki kuma, da aka gwada su a kan jarirai masu tumbuɗi da kuka, ba su rage kukan ba, don haka ba abin saye ba ne sai likita ya ga dalili.

Amai daban ne, kuma akwai kala biyu da ba a kwana da su. Na farko amai kore shar. Wannan ɗacin matsarmama ne, yana iya nuna hanji ya murɗe ko ya toshe, hanjin da ya murɗe kuwa cikin awoyi yake mutuwa. Ko sau ɗaya ya yi, ko tsakar dare ne, asibiti. Na biyu aman da ke feshi da ƙarfi ya faɗa nesa bayan kusan kowane sha, yana ƙara tsanani kullum, yaro ya gama amai ya nemi nono da zafin yunwa, yana ramewa, fitsari na raguwa. Yakan bayyana tsakanin mako biyu da takwas, ya fi kama maza. Tsokar mafitar tumbi ce ta yi kauri ta toshe hanya. Hoton ciki na nuna ta, ƙaramar tiyata kuma na gyara ta gaba ɗaya. Amai da jini ma ana kai wa likita, ko da yake sau da yawa jinin tsagewar kan nonon uwa ne ya haɗiya.

Gyatsa ba ta bukatar duka. Ki ɗora shi a kafaɗa, ko ki zaunar da shi a cinya ki tallafe haɓarsa da ƙirjinsa da tafin hannu, ki riƙa shafa baya kina bubbugawa a hankali. Minti biyu zuwa uku bai yi ba, ki ƙyale shi, ba kowane sha ke zuwa da iska ba. Shaƙuwa ba ta cutar da shi, ita ma da kanta take wucewa.

Abin da ya fi karya iyaye shi ne kukan yamma. Yana farawa wajen mako biyu. Yaro ya wuni lafiya, da rana ta yi sanyi sai ya ɓarke da kuka mai tsini, fuska ta yi ja, hannu a dunƙule, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki ya miƙe ya banƙare, cikin ya yi tauri, yana tusa. A ba shi nono ya kama ya saki. A ɗauke shi kuka, a ajiye shi kuka. Wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya sa masa ma'auni a 1954: kuka fiye da awa uku a rana, fiye da kwana uku a mako, fiye da mako uku, a yaron da yake lafiya yana kuma girma. Yana kama har jariri 1 cikin 5, mai shan nono da mai shan madara, ya kai ƙololuwa wajen mako shida, ya lafa tsakanin wata uku da huɗu. Iskar da ake ɗora wa laifi, sau da yawa kukan ne ya sa ya haɗiye ta. Ba nononki ne ya lalace ba, kuma ba rashin iya reno ba ne. Ina son ki riƙe wannan da kyau, don a wannan lokacin ne kowa ke zuwa da shawararsa da kwalbarsa. Ɗigon simetikon da ake sayarwa don iska, da aka gwada shi bai fi wanda ba magani a cikinsa ba. Ruwan da ake kira gripe water ba shi da hujjar aiki, wani ma yana da sukari da abubuwan da ba su dace da jariri ba.

Abin da ke taimakawa ba ya cikin kwalba. Ki cire masa riga ki manna shi a fatar ƙirjinki. Ki kwantar da shi a kife a kan damtsen hannunki, kansa wajen gwiwar hannu, kina zagayawa da shi. Ki rage haske da hayaniya, ki yi masa “shhh” a hankali kusa da kunne, ko wanka da ruwa mai ɗumi. Idan ya ɗan lafa, ki kwantar da shi ki riƙa juya ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya zuwa ciki, ki shafa cikin a kewaye ta yadda hannun agogo ke tafiya, don ta nan babban hanji ya bi. Abin da ya yi aiki jiya yana iya ƙi yau, ki canja wani. Idan kuma kika ji zuciyarki ta kawo wuya, hannunki na rawa, ki kwantar da shi a rigingine a wurin barcinsa ki fita minti goma ki sha iska. Kuka ba zai yi masa lahani a minti goma ba. Girgiza shi da ƙarfi kuwa, ko na daƙiƙa kaɗan ne, yana iya tsinka jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ya makanta shi, ya nakasa shi, ko ya kashe shi. Duk wanda zai riƙe miki yaro ki gaya masa wannan a fili.

Akwai wani abu da ake yawan ɗauka taurin bayan gida ne. Yaro ya yi minti goma yana nishi yana kuka, fuska ta yi ja wur, daga ƙarshe kashi ya fito lallausa. Bai koyi haɗa abu biyu ba ne tukuna, yunƙuri da ciki da sakin dubura a lokaci guda. Da kansa zai koya cikin makonni. Tura masa sabulu ko tsinken auduga ko wani abu a dubura yana iya ji masa rauni, yana kuma jinkirta koyon. Bayan mako shida mai shan nono zalla yana iya yin kwanaki, har mako, bai yi kashi ba; muddin cikinsa da laushi, yana sha, yana tusa, yana ƙiba, kuma in ya zo yi lallausa ne, ba matsala. Kafin mako shida dai rashin kashi yana nufin a duba ko yana samun nono. Taurin bayan gida na gaskiya a kamannin kashin ake gane shi, busasshe, dunƙule-dunƙule, kuma ya fi zuwa ga masu shan madara. Gudawa kuma ita ce ya canja farat ɗaya, ya zama ruwa tsululu ya ninka yawansa. A ci gaba da nono, a ƙara yawan ba shi, a kai shi a duba, don jariri cikin ɗan lokaci ruwan jikinsa ke ƙarewa.

Wadda dalili ya sa ta koma madarar gwangwani ba ta gaza ba, sai dai haɗin yana da doka. Garin madara ba a kashe ƙwayoyin cutar cikinsa kakaf ba. Yana iya ɗauke da wata mai suna Cronobacter da ke haddasa sanƙarau a jarirai. Don haka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a haɗa da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. A aikace, ki tafasa lita ɗaya ki bari ya huce bai wuce minti 30 ba. Fida da robar bakinta a wanke su da sabulu da burushi, a tafasa su minti 10. Ruwa ake fara zubawa daidai layi, sannan gari, da ludayin da ya zo cikin wannan gwangwanin, a share samansa ya yi daidai, ba tozo ba dannawa. Yawanci ludayi ɗaya ne ga mililita 30, wasu kamfanonin 60, don haka ki karanta jikin naki. A rufe, a girgiza, a sanyaya a ƙarƙashin ruwan sanyi, a ɗiga a cikin wuyan hannu a ji. Ƙara gari don yaro ya yi barci yana jawo taurin bayan gida da ƙarancin ruwa a jiki mai wahalar da ƙoda. Ƙara ruwa don gwangwani ya daɗe yana hana girma, yana iya kawo jijjiga. Abin da aka haɗa a sha shi cikin awa biyu, ragowar da baki ya taɓa a zubar. Yawan da yake bukata bayan makon farko wajen mililita 150 ne ga kowane kilo a awa 24: mai kilo 4 zai sha kusan 600, wato 75 sau takwas. Ki riƙe shi a ɗan zaune, fidar kusan a kwance, robar cike da madara, kina ba shi hutu. Idan kika kifa fida kika ga tana zuba ba ɗiga ba, ramin ya yi girma, zai ƙware ya haɗiyi iska. Kada a tilasta masa ƙarasa abin da ya rage, kada kuma a tokare masa fida a tafi. Nonon da aka tatsa yana yin awa 4 a ɗaki, kwana 4 a firij.

Yawan canja madara daga wannan zuwa waccan ba ya maganin kuka. Inda canji ke da dalili shi ne yaron da jikinsa bai jituwa da sinadarin gina jiki na madarar shanu, kuma jarirai 2 zuwa 3 ne cikin 100. Alamominsa sukan haɗu: zaren jini da majina a kashi, ƙuraje da bushewar fata masu ƙaiƙayi, amai mai yawa, ƙin sha, rashin ƙiba. Likita kan sa mai shayarwa ta bar madara da duk abin da aka yi da ita mako 2 zuwa 4, sannan ta dawo da ita a ga ko alamun za su dawo. Mai shan gwangwani a ba shi irin wadda aka farfasa sinadarinta. Madarar akuya ba mafita ba ce, sinadarinta ya yi kusa da na shanu. In ba wannan ba, ban ga amfanin uwa ta yi ta hana kanta abinci kala-kala don yaro na kuka ba; ita ce za ta rame, kukan kuma yana nan.

Bayan amai kore da mai feshi, abubuwan da ba a jira da su su ne zafin jiki digiri 38 a yaron da bai kai wata uku ba, ko jikin ya yi sanyi ƙalau, ƙin nono sau biyu a jere, yaro ya yi laushi da wuyar tashi, maɗiga ta faɗa, baki ya bushe, ciki ya kumbura ya yi tauri, numfashi fiye da 60 a minti. Akwai kuma ɗaya da ke wucewa shiru don yaron yana kama da mai lafiya: shawara ta wuce mako biyu, kashi fari ko ruwan toka, fitsari mai duhu. Wannan yana iya zama toshewar hanyar ɗaci daga hanta, tiyatarsa kuwa ta fi nasara idan aka yi ta kafin yaro ya cika wata biyu.

Kai kuma uban yaro, nono ne kaɗai ba ka da shi. Gyatsa, canjin famfas, zagaye da shi a kafaɗa lokacin kukan yamma, wanke fida, duk kana iyawa, kuma awa uku na barci a jere da za ka samar wa mai jego ya fi mata duk wani magani. Ka kuma sa mata ido. Kuka da saurin ɓacin rai a kwanakin farko sukan wuce cikin mako biyu. Idan suka zarce, ta daina jin daɗin komai, ba ta iya barci ko yaro ya yi, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, to ciwon damuwar bayan haihuwa ne, yana kama fiye da mace 1 cikin 10, kuma yana da magani. Ka raka ta asibiti, kada ka tura ta ita kaɗai.

In za ku je ganin likita, ku tafi da abin da zai yi aiki da shi. Ku rubuta na kwana biyu ko uku: sau nawa ya sha, famfas nawa ya jiƙa, kashi nawa, ƙarfe nawa kukan ke farawa da ƙarewa. Ku ɗauki hoton kashin ko aman da ya ba ku tsoro da waya, a hasken rana, don kala ba ta faɗuwa daidai da baki. Ku riƙe katin da aka rubuta nauyinsa na haihuwa, da gwangwanin madarar in yana sha, da duk kwalbar da aka taɓa ba shi ko da sau ɗaya ne, sannan ki nemi a kalle ki kina shayar da shi daga kamawa har saki.